Littafin Uwar Garke

Ran Laraba Baba Tankari ya aje aiki.
Ya miƙo mini makulli uku da littafi mai baƙin bango,
ya ce, "Sahiya, ɗakin sanyi naki ne.
Kar ki shiga da takalmi."

Ɗakin na bayan ofishin asusun manoma,
can Ɗan Gulbi, daura da masu facin taya.
Ba taga. Fanka takwas na gunaguni dare da rana
kamar tsofaffin da rabon goro ya tsallake.
Nan uwar garke ke tsaye cikin kejin ƙarfe,
riƙe da sunan duk wanda ya ci bashin iri
tun daga Tibiri har Madarunfa.

Na buɗe littafin.

Siga ta ɗaya, in ji shi, daga Kwatano ta zo a bayan babbar mota.
Ƙarti shida suka sauke ta, ɗaya ya bar farce a dokin ƙofa.
Faifai goma sha huɗu, a ba ta ɗaya, a jira, a ba ta ɗaya,
na sha uku ya ƙi, aka koma farko.
A gefe, da jar tawada:
an raɗa wa Hamisu suna, ban isa gida ba sai la'asar.

Ta biyu ba ta yi ƙarko ba.
Masu ita, can ƙasar da ba mu taɓa takawa ba,
suka aiko faci, suka aiko facin faci,
har ta koma tayar amalanke,
ba a gane asali, sai ɗinki.

Ta uku, shekarar da gulbi ya shigo unguwa.
Ya ɗora ta bisa buhun gujiya huɗu,
ya kwana tsaye, tocila a baki, ruwa a ƙwauri.
Ko suna ɗaya bai jiƙe ba.
Gidansa kuwa ɗaki biyu suka kwanta.
Wannan bai rubuta ba,
a bakin mai ɗakinsa na ji.

Babu ta huɗu.
Daga uku sai biyar.
Ya zana alamar tambaya mai girman lauje,
ƙarƙashinta: ashe su ma da lambar da suke tsoro?

Ta biyar da sabon ƙarfe ta zo, siriri kamar faranti.
Ta fi ta da sauri sau goma,
ta fi ta raki sau ɗari:
kuran ya ɗauke, kuka, gurup ya tashi, kuka.
Tsohuwar aka ja zuwa tsakar gida.
Yau jar akuyar mai gadi ke haihuwa a cikinta,
garke dai bai bar ta ba.

Sai wata takarda, ninki huɗu, tsakanin shafi:
daga rana kaza mun daina kula da siga ta shida.
Na duba kwanan watan,
watan da ya cika sittin ne.
Gefen shafin fari fat,
sai zoben da kofin shayi ya bari.

Jiya shugaba ya kira ni,
ya ce baɗi za a kwashe komai a kai girgije.
Na ce wanne?
Ya nuna sama da haɓa.
Mu da muka san girgije tun muna goye!
Mun san mai haɗowa gabas, baƙi ƙirin,
ya sa magidanci ya fidda iri daga rumbu,
sannan iska ta kora shi Ƙonni
ko ɗigo bai bar mana ba.

Na dawo, na tuɓe takalmi, na zauna ƙasa.
Sanyi ya kama mini tafin ƙafa.
Na rubuta: siga ta bakwai, an sa ta ran Asabar, awa tara.
Na daɗe ina kallon gefen shafi.

Sai ga shi, wai wucewa ya zo yi zuwa kasuwa.
Bai shigo ba. Ya tsaya bakin ƙofa,
ya karkata hula, ya kasa kunne,
ya ce, "Fanka ta uku na son mai."

Na rubuta wannan da jar tawada.
Na tashi na duba.
Ta ukun ce.